Gawon Kan Iyaka

Ni mutum ne mai son barcin safe, kuma ba na jin kunyar faɗi. Asuba ina tashi, wannan dole ce, amma da ido ɗaya nake alwala, in na sallame kuwa ba na jan addu'a da tsawo, sai in koma in ɗora daga inda na tsaya. Wanda bai san daɗin barcin nan na bayan sallah ba, lokacin da sanyi-sanyi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ni dai ban san abin da zan ce masa ba. To sai Allah Ya haɗa ni da uwar da ta ɗauki barcin safe a matsayin ciwo, irin wanda ake nema wa magani.

Inna a Dauran take zaune, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Ƙannena mata duk sun yi aure, ɗaya a Badarawa, ɗaya a Zurmi, ni kuma aikin koyarwa ya ajiye ni a Kaura Namoda. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun ranar da aka raɗa mini suna ba ta taɓa furta shi ba. Ko mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, in tana son magana da ni sai ta fuskanci bango ko tunkiya ta ce, "A ce ma wanga mutum tuwo na hucewa." Ni ne wanga mutum. Da haka na girma, da haka na yi aure, har furfura ta fara leƙo mini.

A bayan gari akwai wani tsohon gawo. Gonar kakan su Inna ce aka raba, kashi ɗaya ya gangaro mata ta wajen mahaifinta, kashi ɗaya ya tafi wa ɗan ƙanwar mahaifin nata, wanda muke kira Kawu. Gawon ya tsaya daidai kan iyaka, ba na wannan ba, ba na wancan ba. Da rani in iska ta kwana tana kaɗawa, sai 'ya'yansa su zubo, murɗaɗɗu, jajaye-jajaye, kuma babu abin da ke sa rago ƙiba kamarsu. Inna tana kiwon rago, Kawu ma yana kiwo. Ga shi kuma taubasai ne, abokan wasa tun suna yara. Ita ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka ba ta kiransa da komai sai bawana. Shi kuma ya ce mata tsohuwa, alhali ya girme ta.

Suna da ƙa'ida wadda babu wanda ya san ranar da suka kafa ta. Ba a kaɗa gawon da gora, ba a hawa, ba a aika kowa. Abin da ya faɗo da kansa, na wanda ya riga zuwa ne bayan sallar asuba. Wanda ya makara sai ya tsaya da kwandonsa wayam ya sha gori.

"Bawana, an kwana lahiya? Na ɗauka yau ba ka tashi sai ranar hisabi."

"Ke dai tsohuwa kin kwana nan. Aljanun gawo sun ce a bar su su huta."

In gawo ya ƙare sai su koma tseren ciyawar bakin fadama, da kaka kuma harawa. Amma gawon shi ne babban fage. Duk Dauran an san su da wannan, har masu zuwa gona da sassafe sukan bi ta wurin don kawai su ji wa ya ci yau.

Wata shekara gwiwar Inna ta kumbura. Ƙanwata ta Zurmi ta bugo mini waya tana kuka, wai ta je ta tarar da Inna tana jan ƙafa tana bin bango. Na je na ɗauko ta zuwa Kaura. Ba da daɗi ta yarda ba, sai da na haɗa da limamin unguwa, kuma ta kafa sharaɗin sai da ragonta. Haka muka shigo Kaura, Inna a gaban mota ta ɗaure fuska, ni da rago a baya yana tauna mini gefen riga. Likita ya duba gwiwar ya ce babu abin da take so sai hutu. A raina na riga na yanke shawara: Inna ta gama zaman Dauran. Ga ɗaki na gyara mata, ga katifa, ga jikoki, me kuma za ta koma yi?

Washegari na sallame asuba na koma shimfiɗa, barci ya fara ɗibana ke nan, sai na ji shar, shar, shar a ƙarƙashin tagata. Inna ce da tsintsiya. Tsakar gidana siminti ne, tun da yamma aka share shi, babu ko tsinke. Amma ta share shi tas, kuma wurin da ya fi datti a idonta shi ne daidai tagata. Da ta gama sai na ji tana magana da rago da ƙarfi.

"Kai dai ka tashi, Allah Shi yi ma albarka. Wasu kau sai rana ta gasa su."

Na ja bargo na rufe kai. Ragon ya amsa mata.

Kafin mako ya zagayo ta karɓe gidan. Na ɗauka matata za ta goya mini baya, ashe a nan na yi babban kuskure. Matata 'yar Shinkafi ce, gidan malamai, gidan da ake tashi tun kiran farko, aurena ne ya lalata ta. Da ta ga Inna sai ta zama kamar an sako ta daga kurkuku. Su biyun su tashi, su riga kowa zuwa famfon unguwa kafin layi ya yi tsawo, su dama koko, su yi wa yara wanka, duk kafin gari ya gama wayewa. Matata har cewa ta yi wai rana ta ƙara tsawo, ga shi ta gama komai tana zaune tana kitsa wa yarinya kai da hantsi. Na ce da ita ba rana ce ta ƙara tsawo ba, barcina ne aka yanke aka liƙa mata.

Akwai turmi a gidan wanda muka ajiye don ado tun da injin niƙa ya zo bakin layi. Inna ta jawo shi, ta ce garin inji ba ya da albarka. Tana zaune kan kujera saboda gwiwa, amma hannun nan lafiyarsa lau. Dukan farko na taɓarya sai na ji shi a cikin haƙorina.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. Ta ce ita baƙuwa ce, wajibi ne ta bi gida-gida ta gaishe da mutane, kuma gaisuwar kirki da sassafe ake yin ta. Maƙwabcina na dama babban ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma, mutum mai nauyi da kunya. Ya tare ni a ƙofar masallaci yana murza hula.

"Malam, Hajiya kam ta zo mana da alheri. Sai dai ko za a roƙe ta ta riƙa bari mu buɗe ƙofa da kanmu?"

Ladanin unguwarmu kuwa dattijo ne mai kirki, amma wani lokaci yakan ɗan jinkirta. Inna ta lura da shi kwana kaɗan, sannan ta ce da matata a aika a tambaye shi ko ba ya da lafiya ne, don ita a Dauran ta san lokacin nan an daɗe da kira. Tun daga ranar bai sake jinkiri ba, har ya fara wuce gona da iri. Mutanen unguwa suka riƙa kallona kamar ni na sa shi.

Ba zan yi ƙarya ba, an ga amfani. Yarana da kullum ake tarewa a bakin makaranta suka zama su ke riga mai buɗe ƙofa. Ƙosan da muke saye ya koma na kaskon farko, mai zafi, ba ragowar da ta sha mai ba. Ni kaina da barci ya gagare ni sai in yi wanka in tafi makaranta don in samu lafiya. Shugaban makarantarmu ya gan ni da sassafe kwana da kwanaki, ya yaba mini a gaban malamai, sannan ya ɗora mini aikin tsayawa bakin ƙofa kama 'yan makara. Ni! Mutumin da ya san kowace ɓaraka ta katangar makarantar saboda ta nan nake shigowa in na makara. Wannan shi ne ladan da na samu.

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da wani abokin aikina ya ce mini, cikin ladabi, ya ga wata tsohuwa mai kama da mahaifiyata a bakin kasuwa da duku-duku, tana tsince ɓawon kankana da ƙaiƙayin wake a kwando. Na dawo gida raina a ɓace.

"Inna, don Allah me aka rasa a gidan nan? Ga dusa na sayo wa ragon nan buhu guda. Likita ya ce ki huta. So kike a ce uwar malam tana tsince-tsince a kasuwa?"

Ta dubi rago. "A ce ma wanga mutum garinsu ba gawo. Mi za ni yi da sahe in ban tsinta ba? In zamna in ƙirga yatsu?"

Sai na ce to in gawo ne matsalar, ai da sauƙi. Ranar kasuwar Shinkafi na shiga mota takanas, na je na sayo buhun 'ya'yan gawo, zaɓaɓɓu, na kawo na dire a gabanta ina jiran sa albarka. Ta kwance bakin buhun, ta leƙa, ta ɗaure. Ta ture shi gefe.

"Gawon da ba ka riga kowa ba," in ji ta, "mi a amfaninai?"

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Dauran. Wani direba ɗan garinmu ya tsaya ƙofar gida, ya ƙi ko zama, yana ta danne dariya. Ya ce Kawu ne ya aiko shi. Wai a gaishe da tsohuwa, a ce mata ta yi zamanta a birni kada ta damu, gawo bana ya yi 'ya'ya kamar ba gobe, shi kaɗai yake kwasa a tsanake, ragonsa kuma har an fara tambaya ko maraƙi ne. Inna ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, abin da ba ta yi ba tun zuwanta.

"Bawan banza! A ce mai ina nan tahe!"

Ni kuwa sai na ƙara ɗaure ɗamara. Na koma wurin likita na roƙe shi ya maimaita maganarsa a gabanta da kakkausar murya, ya yi. Na ɓoye tsintsiya a saman rufi. Na ba da aron turmi ga wasu masu biki a can ƙarshen unguwa na ce kada su yi gaggawar dawo da shi. Rago na kai shi gidan wani abokina mai garke, na ce wa Inna a can zai fi sakewa. Na zaunar da matata na yi mata wa'azi mai tsawo a kan haƙƙin iyaye da maganar likita, har ta yarda, tana share ido, cewa ba za ta ƙara tada Inna zuwa famfo ba. Duk don lafiyar Inna na yi, Allah Ya sani. In barcina ya amfana a hanya, wannan kuma ban hana shi ba.

Gida ya yi tsit. Na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba, har na koma shiga makaranta ta ɓarakar katanga, mai kama 'yan makara da kansa. Inna ta daina fitowa da sassafe. Takan yi sallah a ɗaki, ta zauna har a kai mata koko. Ta daina magana da bango. Gwiwar ta saɓe, amma sai na ga fuskarta ta faɗa, tuwo ma sai ta taɓa ta ture. Na ce wa kaina sabo ne, za ta saba.

Wata Asabar na tashi rana ta yi sama sosai, na fito ina miƙa. Yara na wasa, matata na wanki. Na ce ina Inna? Matata ta ce tana ɗaki tana hutawa, ta leƙa ɗazu ta gan ta a kwance, ta ce kada ta tashe ta tunda haka likita ya ce. Na yi wanka, na karya, na saurari rediyo. Sai can da inuwa ta fara tsukewa gabana ya faɗi haka kawai. Na je na ɗaga labule. Tana kwance ta miƙe sambal, ta ja zane har kanta, ko motsi babu.

Salatin da na yi, har maƙwabcina ma'aikacin ƙaramar hukuma sai da ya shigo ba takalmi. Na durƙusa na yaye zanen. Idonta biyu, tar, tana kallon rufi.

"Yanzu anka zo?" in ji ta.

"Inna! Wane irin abu ne wannan? Kin kusa kashe ni!"

Ta tashi zaune a hankali ta gyara ɗankwali. Wannan karon ba ta nemi bango ba, tsakanina da ƙofa ta kalla.

"Gwadawa niy yi. Tun da nis sallame asuba nike nan kwance, in gani in na mutu gidanga yaushe za a sani. To na gani. Sai na sandare, sai ƙuda sun riga ku. A Dauran in ban zo gindin gawo ba, kahin rana ta hito bawana na bakin ƙohwata da sanda shina bugu, shina zagina. Shi ma in bai zo ba ni ka zuwa. A maishe ni gida."

Maƙwabcina ya sulale ya fita. Matata ta fashe da kuka. Ni dai na zauna a ƙasa, sai yanzu na gane, don duk shekarun nan na ɗauka rago suke yi wa wahala.

Kwana biyu bayan haka muka koma Dauran, ita da ni da rago. Ta sa direba ya sauke mu ta bayan gida da almuru, ta hana kowa ya faɗa wa Kawu, wai so take ya zo da safe ya tarar ta share wurin. Ni aka ɗora wa kwando. Da asuba ko addu'a ba a bari na shafa ba, muka kama hanya, tana gaba da sanda tana sauri kamar ba ita ce mai gwiwa ba, ina baya ina tuntuɓe da kunyoyin gona.

Muka isa gindin gawo, babu kowa. Ƙasa duk sawun awaki ne da guntayen 'ya'yan gawo da aka tattake, na jiya da na shekaranjiya da na makon jiya. Da gani an daɗe ba a kwasa ba. Inna ta tsaya tana dubawa. Ba ta tsinci ko ɗaya ba, ta juya ta nufi cikin gari, na bi ta da kwando.

Ta sami ƙofar Kawu da sanda kamar za ta ɓalle ta.

"Bawana! Ka mutu ne ba a hwaɗa min ba?"

Aka daɗe kafin a ji motsi. Ya fito yana dafa bango, ya rame, idonsa duk barci. A gefe ga ragon da aka ce ya kusa zama maraƙi, ƙashin haƙarƙarinsa a waje. Ashe tun da ta tafi Kawu ya daina fita. In ya yi sallah sai ya koma ya kwanta, jikokinsa suka ce har abinci sai an yi da gaske. Ya tsaya yana kallonta, na ce yau dai zan ga dattijo ya yi kuka.

"Birni ya kore ki ke nan," in ji shi. "Na san ba su iyawa da ke."

"Ina maraƙin?"

"Na sai da shi. Wanga ƙanenai na."

Washegari ya riga ta zuwa gindin gawo. Ta dawo gida tana ta faɗa, wai ya yi maguɗi, bai tsaya ya gama tahiyar sallah ba. Rabona da in ga ta ci tuwo kamar na ranar har na manta.

Suka ƙara shekaru suna wannan tsere. Sai wata safiya da rani ta je ta tarar gawo ya zuba, ba a taɓa ba. Ta ce mini har ta fara cika kwando tana murna, tana shirya gorin da za ta yi, sai ta ga rana ta fara leƙowa babu shi. Ta ajiye kwandon a nan ta tafi. Ita ta fara buga ƙofar, ita ta tada mutanen gidan. Ya yi sallarsa, ya jingina da bango, kwandonsa na kusa da shi, Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙan Kawu.

Bayan an share makoki, ni da ƙannena muka sake tada maganar Kaura. Yanzu kam babu mai buga mata ƙofa, hujjarta ta faɗi. Ta ce ko a mafarki. Muka yi ta ja, har ƙanwata ta Badarawa ta kawo shawara: a saya mata waya, a riƙa bugo mata kullum a ji lafiyarta. Inna ta fuskanci tunkiya.

"A ce ma wanga mutum na yarda. Amma shi za ya riƙa bugowa, ba wani ba. Kuma ni ba ni ɗaukar abin nan zuwa gindin gawo. Wanda ka son ya same ni, shi bugo kahin in hita."

Ƙannena suka kwashe da dariya a gidan da ba a daɗe da makoki ba. Na gane an yi mini tarko, amma ya zan yi? In na ƙi, ko dai ta zauna babu mai duba ta, ko in ɗauko ta ta zo ta ƙare a kan katifata. Na ce na ji.

Haka na shiga aikin Kawu. Kullum in na sallame asuba sai in zauna bakin gado in buga. Ita ba ta iya kiran kowa ba, ɗauka kawai aka koya mata. Tana ɗauka ba sallama ba komai sai ta ce, "An makara." Ko da kiran farko na buga, an makara. In ce Inna an tashi lafiya, ta ce lafiya lau, ta ba ni labarin iskar jiya da abin da take sa ran ta zubo, ta kashe ba tare da ta jira na gama ba. Abin haushin shi ne in na ajiye wayar barcin ya riga ya gudu. Dole na fara gyara takardun ɗalibai a lokacin, na shuka 'yan tumatir a bayan gida, har wani ciwon kai da nake fama da shi da hantsi ya ɓace. Matata tana cewa na canza. Ban canza ba, tilasta mini aka yi.

Sau ɗaya tak na saɓa. Matata ta tafi Shinkafi bikin suna tare da yara, ni kaɗai ne a gida, ga shi an kwana biyu ba a kawo wuta ba. Na sallame asuba na ɗauko waya, ta mutu murus. Na ce bari gari ya ɗan waye in je in ari ta maƙwabcina, kafin nan in ɗan kishingiɗa. Gida shiru, babu yaro, babu turmi, ga iska mai sanyi. Wallahi kishingiɗa kawai na yi niyya.

Cikin barci na ji ana dukan ƙofar gida da sanda, ana kiran sunana. Sunana na yanka, cikakke, da wata murya da na sani amma ban taɓa jin ta ɗauke shi ba. Aka sake kira, muryar ta karye a tsakiya. Na diro daga gado na fito a guje na zare sakata.

Inna ce. Rana ta take sosai. Mayafinta a karkace, takalmanta ba iri ɗaya ba, kwandon gawo na rataye a hannunta babu komai a ciki. Daga baya na ji yadda aka yi. Ta jira wayar har gari ya waye, ta sa maƙwabta suka buga aka ce a kashe take, sai ta wuce tasha kai tsaye ta shiga motar farko zuwa Zurmi, daga nan ta hau ta Kaura, ba ta ko karya ba. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, a fuska sosai, abin da ba ta yi. Ta ɗaga hannu ta taɓa kafaɗata ta ji da gaske ni ne. Sannan ta sauke numfashi ta zauna a dakalin ƙofa.

Na durƙusa gabanta, hawaye na zubo mini, ni da furfurata.

"Inna, sunana kika kira."

Ta kawar da kai ta sami bangon maƙwabcina.

"A ce ma wanga mutum barci ya taɓa mai kunne. Ni ban kira kowa ba." Ta share ido da bakin mayafi, ta tura mini kwandon da ƙafa. "A kuma ce mai yau awaki sun cinye min gawo saboda shi."

Na roƙe ta ta kwana ta ƙi, ta ce ba ta iya kwana a gidan da ake mutuwa kowace safiya. Ta sha koko, ta yi azahar, na raka ta tasha. A hanyar dawowa na tsaya kasuwa na sayi waya ta biyu da ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana wadda ke cajin waya. Washegari tun ladani bai rufe baki ba na buga, ta ɗauka a ƙara na farko, da alama wayar na hannunta.

"An makara," in ji ta.